Ranar da Dankali Ya Ci a Hannunsa

"Wai duk a kan ɓera ne, Safara'u? Ɓera fa!"

Safara'u ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da ninke atamfofinta tana jerawa a cikin jaka, a hankali, kamar ba da ita ake ba.

"Ba a kansa ba ne."

"To a kan me? Ki yi magana mana! Tun da aka kawo ki gidan nan, daga 'to' sai 'eh' sai 'ga abinci'..."

"Baba ba ya jin daɗi. Zan je Mando in duba shi."

"Yaushe za ki dawo?"

Ta ja zif ɗin jakar. Sai a lokacin ta dubi Ubaidullah, mijin da ko lallen bikinsu bai gama gogewa a ƙafarta ba.

"Dankali yana kicin, a kejinsa. Ba zan tafi da shi ba, don in na shiga gida da shi Baba zai gane komai. Ranar da ka ga na aiko a ɗauke shi, ka san na gama."

"Safara'u..."

"Tun ranar nan, da ya ji takunka sai ya ɓuya." Ta ɗauki jakar. "Ni ma haka."

Ta fita ta tare Keke Napep a bakin layinsu na Badarawa. Bai bi ta ba, don maƙwabta suna zaune a ƙofar gida, shi kuwa Ubaidullah mutum ne da ya fi tsoron idon maƙwabta a kan komai.

Ranar da take nufi ita ce ranar ganin ɗaki. Dangin ango mata sun cika ɗakin amarya, suna taɓa labule, suna ƙwanƙwasa gado su ji ko katakon kirki ne. Safara'u na zaune a tsakiyar gadon cikin lulluɓi, yadda ake son amarya, ba baki ba ido. Wata ta buɗe ledar cincin. Ƙarar ledar ke da wuya, sai aka ji wani siririn kuka daga bayan kujera: kwii! kwii! kwii!

Gwaggo Harira, ƙanwar mahaifinsa, ita ta janyo kejin. Dankali ne, ɗan ɓeran Masar, fari da ja-ja, gajere, dunƙulalle, ba ko wutsiya.

"La'ilaha illallahu! Ɓera a ɗakin amarya! Ku kira min Ubaidu!"

Ya shigo cikin babbar riga, ya ga idanun gwaggonni da innoni a kansa, ya ga Hajiya Bilkisu, mahaifiyarsa, ta kawar da kai. Sai ya zura hannu ya caɓo dabbar ta ƙeya, ya ɗaga ta sama tana wutsil-wutsil, ya yi dariya.

"Ku yi haƙuri, Gwaggo. Ƙazantar gidansu ce ta biyo ta."

Ɗaki ya kaure da shewa. An yaba masa, an ce yaro ya san abin da yake yi. Ba wanda ya ga fuskar amarya, don lulluɓi ya yi aikinsa.

Kuma ba rashin sani ba ne. Tun yana zuwa zance ta gaya masa cewa Dankali na ƙanwarta ne, Umaima, wadda ciwon sikila ya ɗauke bara. Ya gyaɗa kai a lokacin, har da cewa "Allah sarki, masoyiyata." Ya sani sarai. Dariyar mata ce kawai ta fi masa daɗi a wannan minti.

Bayan tafiyarta ya shiga kicin da niyyar gama wannan wasan yara. Ma'aikacin gwamnati ne a sakatariya, yana da digiri, ƙananan ma'aikata suna ce masa yallaɓai. Ya tsaya a kan kejin, ya buɗe, ya zura hannu. Dankali ya ƙame wuri ɗaya kamar ya mutu, sannan ya ruga cikin ɗan kwalin da yake kwana.

Ya ce ai ɓera ne, ya zuba masa ƙuli-ƙuli. Ya kawo kan busasshen kifi. Ya kawo ragowar tuwo. Kullum in ya dawo daga ofis sai ya tarar da su yadda ya bar su, ƙudaje na biki. Dabbar ta fara ramewa, gashinta ya tashi.

Hajiya ta buga waya.

"Har yanzu abin nan yana gidanka?"

"Yana nan, Hajiya."

"Ka kai shi kasuwar Kawo ka ba masu sai da zomaye. In ta ga babu shi, hankalinta zai dawo jikinta."

"To, Hajiya."

Bai taɓa ce mata wani abu ban da "to" ba tun da ya iya magana. Amma bai kai shi ba. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai gabansa ya faɗi, ya zaci ɗan aiken Safara'u ne ya zo ɗaukar keji.

Da abin ya ishe shi, ya sayi lemo da ayaba ya tafi Mando duba mara lafiya. Ya tarar da surukinsa, Malam Inuwa, tsohon malamin makaranta, zaune a inuwar dalbejiya yana karanta jarida, garau da shi. Ubaidullah ya durƙusa, kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi.

"Baba, ya jiki?"

"Jikin wa?" Tsohon ya dube shi ta saman tabarau. "Au. Da sauƙi, tunda an ce ba ni da lafiya."

Ya nuna masa tabarma, sannan ya ci gaba.

"Ba ta gaya min komai ba, ni kuma ban tambaye ta ba. Ya Dankali?"

"Baba... ba ya cin abinci."

"Me kake ba shi?"

Ya faɗa. Malam Inuwa ya ninke jaridar a hankali.

"Kan kifi. Sunansa kawai ka ji ka yanke masa hukunci. Ganye yake ci, da ɗanyar ciyawa." Ya ajiye jaridar a gefe. "A tsaye kake zuwar masa?"

"Eh, Baba."

"Shaho ma daga sama yake zuwa. Umaima a kwance ta yi yawancin rayuwarta, a kan tabarma, a ɗakin can. Ciwo bai barin ta ta tashi. Shi ya sa ya saba da ita, bai taɓa ganin ta daga sama ba. Yana hawa ƙirjinta ya yi barci. Ranar da aka fita da ita, yayarta ce ta kwanta a wurin, ta miƙa masa hannu har ya yarda ya ci."

Ubaidullah ya kasa ɗago kai. Ta tagar ɗakin ya ga labule ya motsa, amma ba wadda ta fito.

A hanyar komawa ya tsaya ya sayi latas da kokwamba da karas. Ya shiga kicin, ya cire hularsa, ya dubi tayil ɗin, ya dubi shaddarsa. Sannan ya kwanta ruf da ciki.

Bai fito ba a ranar. Bai fito ba washegari. Amma in Ubaidullah ya ajiye ganyen ya ja da baya, sai ya ji ɗan ƙarar taunawa daga cikin kwali. Ya koyi cire takalmi tun daga ƙofa. Ya koyi yin magana kafin ya shigo, ƙasa-ƙasa, don kada ya zo masa bagatatan. Ya koyi murza leda, har wata rana aka amsa masa da kwii guda ɗaya, mara ƙarfi, ya ji ƙwalla ta cika masa ido kamar an ƙara masa girma a ofis.

Kullum bayan la'asar yana nan a ƙasa, hannu a shimfiɗe, tafin a buɗe, ganye a kai. Gwiwar hannunsa ta yi kanta. Tun da babu mai ji, sai ya riƙa gaya wa ɓeran abin da ya kasa gaya wa mai shi.

"Na ci mutuncinta, Dankali. Ta kasa ko buɗe baki ta kare kanta, ni kuma na san ba za ta iya ba... shi ya sa na faɗa."

Dankali yakan leƙo da hanci, ya shinshina, ya koma. Hannun yakan yi masa ƙaiƙayi ya kai cafka a gama, sai ya tuna yadda cafka ta ƙare. Akwai mazan da ba sa koyon wannan haƙurin sai bayan sun dawo daga maƙabarta, lokacin da babu sauran wanda za su yi wa. Ubaidullah ya yi sa'a, tun da sauran lokaci ɓera ya koya masa.

Wata Asabar da yamma, ƙofar gida a buɗe, yana kwance kamar kullum. Dankali ya fito gaba ɗaya. Ya tako, ya tsaya, ya sake takowa. Ya ɗora ƙananan ƙafafunsa na gaba a kan tafin hannun, masu sanyi, marasa nauyi, ya kama gefen latas ya fara ci.

"Salamu alaikum! Ina mai gidan?"

Muryar Gwaggo Harira ce. Hajiya ta gaji da maganar mutane, ta ɗauke ta sun je Mando biko da kansu, Malam Inuwa kuma bai iya hana manya ba. Ga su a ƙofar kicin su uku, Safara'u a baya, kanta a ƙasa, fuskar wadda aka taso ba da son ranta ba.

"Wa alaikumus salam," ya amsa da raɗa.

"Innalillahi! Ubaidu! Me kake yi a ƙasa kamar ƙadangare? Ba ka ga uwarka a tsaye ba?"

Duk jikinsa ya nemi zabura. Tun yana yaro bai taɓa barin Hajiya a tsaye yana kwance ba. Dankali ya daina tauna, ya ƙame.

"Hajiya, ki gafarce ni... ba zan iya tashi yanzu ba."

"A kan wannan ƙazantar?" in ji Gwaggo. "Ai na zaci ka yar..."

"Ba ƙazanta ba ne, Gwaggo." Bai ɗaga murya ba, kuma bai motsa hannun ba. "Na Umaima ne, ƙanwar matata da ta rasu. Shi kaɗai ta bar mata. Ƙazantar da aka yi a ɗakin nan ranar, daga bakina ta fito. A gabanki na faɗa, shi ya sa nake so ki ji wannan ma."

Gwaggo ta juya ta dubi Hajiya.

"Na marigayiyar ne?" Hajiya ta tambaya a hankali. "Allah Ya jiƙanta... Kai kuma ka sani, ka bar mu muna dariya?"

"Na sani, Hajiya."

Ta daɗe tana kallon ɗanta a ƙasa. Sannan ta kama hannun Gwaggo.

"Harira, zo mu zauna a falo."

"Amma Yaya..."

"Na ce ki zo."

Safara'u ta tsaya ita kaɗai a bakin ƙofa. Ya ji ƙarar takalminta tana cirewa. Ta tako a hankali, ta durƙusa, sannan ta kwanta a gefensa a kan tayil, da mayafinta da komai.

"Dankali," ta kira a hankali.

Kwii! kwii! Ya ɗaga kai ya dube ta. Amma bai sauka daga hannun ba. Ya sunkuya ya ci gaba da cin latas ɗinsa.

Hawaye ya gangaro mata ya ɗiga a tayil.

"Safara'una... rabin raina... ban san da wane baki zan..."

"Shh. Za ka firgita shi."

"Ina jakarki?"

"Tana motar Hajiya. Na ce kada a sauke."

"A sauke?"

Ta dubi Dankali a tafin hannunsa. Sannan ta gyaɗa kai. Ya yunƙura zai tashi ya ɗauko kafin ta canza shawara, sai ta ɗora hannu a kafaɗarsa ta mayar da shi ƙasa.

"Jakar ba inda za ta, Yayana. Bari ya gama ci tukuna."