Hoton da Auta Ta Ƙi Gogewa

A fusace Auta ta faɗa ɗan ɗakin kwamfuta na makarantar mahaifinta, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Kai ne sabon mai kula da shafinmu na intanet? Sau bakwai ina sa lambar sirrina yana ƙi!"

Saurayin ya ɗago, ya gyara zaman gilashinsa, ya leƙa wayarta. "Hajiya Gaggawa, lambar katin bankinki kike sa masa."

Kunya kamar ta nutse. Daga ranar sunan ya bi ta, ita kuma ta rama da kiransa Gilashi. Kafin wata uku, uzurin da ke kai ta ɗakin nan ya fi ƙarfin lissafi. Wata rana yana tsakiyar aiki, ya duƙufa gaban babban allo, ta ɗauke shi hoto a ɓoye.

Hoton ne ya tona su. Baba ya gan shi a fuskar wayarta, ya murtuke.

"Goge shi yanzu. Mutumin da sana'arsa danne-danne ne daga safe har yamma? Ga Manajan makarantarmu nan, mutum mai kan gado, shekara biyu yana bina a kanki."

Ta ce, "To, Baba." Amma ba ta goge ba, ɓoye shi ta yi. Baba ya hana Gilashi taka makarantar, ya ce ya riƙa aikinsa daga gida.

Ranar da za a rufe rajistar jarrabawar 'yan ajin ƙarshe, da ƙarfe biyu na rana, aka wayi gari shafin ya mutu. Duk wanda ya buɗe sai farin allo da jan rubutu. Sunayen yara ɗari da ashirin da hotunansu suna ciki, ba a tura ko ɗaya ba. Iyaye suka cika bakin ƙofa.

Manaja ya samu abin da yake nema. "Alhaji, ai ramuwa ce! An hana shi yarinya, shi ne ya rusa mana aiki. Na'ura ta nuna shi ne na ƙarshe da ya taɓa ta jiya."

Gaban Auta ya faɗi. Ta ɗauko waya ta rubuta masa: "Gilashi, don Allah gaya min gaskiya. Kai ne?"

Amsa ta zo nan take: "Har ke, Gaggawata? Tun jiya da yamma nake kiran Manaja bai ɗaga ba. Ga ni nan a hanya."

Sha ɗaya da rabi ya iso, gumi sharkaf. Baba ya tsaya a kansa da sandarsa. "Idan biyu ta buga yaran nan ba su shiga ba, 'yan sanda ne za su fitar da kai daga ɗakin nan."

"Na ji, Baba."

Ya zauna ya shiga bincike. Can ya yi ajiyar zuciya. "Bayanan yara suna nan lafiya. Fayil ɗin saiti ne ya lalace. Ɗan ƙaramin rubutu ne da ke gaya wa shafin inda bayanai suke da makullan buɗe su. Layi ashirin ne, saura tara. Sauran sun zama tarkace."

"To sake rubutawa mana!" in ji Baba.

"Makullan dogaye ne, haruffa da lambobi a cakuɗe, ba mai riƙe su a ka. Amma na ajiye kwafi." Ya buɗe inda ya ajiye, wayam. Ya juyo a hankali.

Manaja ya sosa ƙeya. "Tsofaffin tarkacen nan? Na share su, cika wuri suke yi."

Sha biyu ta wuce. Ɗaya saura. Gilashi ya gwada wannan, ya gwada wancan, jan rubutun na nan daram. Auta na tsaye bayansa, sai idonta ya sauka kan lokacin da fayil ɗin ya lalace: jiya, biyar da minti biyu na yamma.

Kowa a makarantar ya san biyar da minti biyu. Lokacin ne Baba ke zagaya ɗakuna yana kashe soket ɗaya bayan ɗaya da bakin sandarsa, yana mitar ɓarnar wuta. Da can akwai takarda manne a soket ɗin na'urar da shafin ke kanta, an rubuta kada a kashe. Shekaranjiya aka yi fenti, takardar ta tafi.

Gilashi ma ya gani. Ta ga ya kalli soket ɗin, ya kalli sandar, sannan ya yi sauri ya rufe wurin.

"Me ya lalata shi?" Baba ya tambaya. "Ka ga wani abu, na ga fuskarka."

"Ina cikin adana gyara ne jiya wuta ta yanke wa na'urar, Baba. Laifina ne, ya kamata a ce na ajiye kwafi a wuri biyu."

Baba ma ya kalli soket ɗin, ya daɗe yana kallo.

Ɗaya da kwata. Auta ta san inda layi ashirin ɗin nan suke cif. Ta kuma san fito da su na nufin ta ce wa mahaifinta, gaban mutane, ta yi masa ƙarya. Tsoro ya kama ta sosai. Ta durƙusa.

"Baba, ka yafe min. Hoton nan ban goge ba."

Ta miƙa wayar. Ga Gilashi ya duƙufa, ga allon a gefensa, fayil ɗin a buɗe tun yana lafiya. Ta ja hoton da yatsu biyu, rubutun ya fito raɗau.

"Karanto, Gaggawa! A hankali, don Allah, yau kaɗai."

Tana karantowa harafi-harafi, yana bugawa. Sau biyu ta tsallake harafi, suka koma baya. Biyu saura ashirin suka kai layin ƙarshe, sai ta tsaya cak.

"Kunnenka ya rufe shi a hoton!" in ji ta.

"Wannan na san shi, ni na zaɓa." Ya kai hannu zai buga.

"A'a," in ji Baba. "Faɗe shi mu ji. Na gaji da ɓoye-ɓoye a ɗakin nan."

Gilashi ya sunkuyar da kai. "Gaggawata... sai ranar haihuwarta."

Ya danna. Allon ya yi fari, ya yi jim kamar ba zai motsa ba, sai ga tambarin makaranta. Biyu saura minti shida sunan yaro na ƙarshe ya wuce. Daga bakin ƙofa aka ji iyaye sun ɗauki hamdala. Manaja kuwa tuni ya tuna yana da aiki a ofis.

Baba ya jingina sandarsa da bango, ya zauna.

"Yaro, ni na kashe soket ɗin nan. Ka sani, na kuma san ka sani. Ina yi maka barazanar 'yan sanda, kai kana rufa min asiri." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma maƙaryaciya, tashi. Goge hoton nan yanzu, makullan makarantata ne a ciki."

"Baba..."

"Na ce ki goge. Kya ɗauki wani ranar ɗaurin aure." Ya dubi Gilashi. "Ka turo manyanka ranar Asabar. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Auta ta rufe fuska da mayafi, hawaye da dariya suka haɗe mata. Tana fita wayarta ta yi ƙara.

"Asabar ta yi miki kusa, Gaggawata?"

Ta rubuta: "Ta yi nisa."