Ranar da Bakan Gizo Ya Sha Fura

A can wani ƙauye, a zamanin da, mutane sun yarda cewa bakan gizo ne ke shanye ruwan hadari. Wata shekara da ruwa ya ɗauke, matar wani manomi makwaɗaici ta dama furar sadaka.

Ta ce, "Maigida, tsare mini ita in kirawo maƙwabta."

Ya kurɓi kaɗan. Ya ƙara kurɓar kaɗan. Ya sake kurɓar kaɗan, sai ga ƙwarya wayam!

Da mutane suka taru, sai ya nuna sama ya ce, "Bakan gizo ne ya sauko ya shanye!"

Wata tsohuwa ta ƙura masa ido, ta ce, "Ikon Allah! Ashe bakan gizo gemu gare shi? Share shi, ɗan nan, fura na ɗiga."