Ragon Alhaji da Albasar Baba

A shekarun nan da damina ta yi ta gardama, akwai wani yaro ɗan aji biyar a wani ƙauye kusa da Watari. Sunansa Uwaisu. Yaro ne mai ƙwazo, ba ya rashin kunya, ba ya ɗauke-ɗauke. Abu ɗaya ne da shi. In ya buɗe baki da labari, sai ya manta inda ya ajiye kansa.

Lokacin kuwa ana cikin wuya. Gero bai yi ba, dawa ba ta yi ba. Rumbun gidansu, in ka leƙa, ƙasa za ka gani. Sabulu ma sai an bi layi a Bagwai, wani lokaci a dawo hannu rabbana. Abin da ya rage wa babansa shi ne ɗan lambun albasa a ƙasan dam ɗin Watari. Ita za a sayar a sayi hatsi har a kai ga wata damina. Kowa a gidan ya san haka.

Amma ko cikin wuya akwai ranar dariya. Malam Sama'ilu, malamin ajinsu, shi kaɗai ke da talabijin a ƙauyen. Ƙarama ce, mai hoton baƙi da fari, da batirin mota take aiki. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya fito da ita rumfar ƙofar gidansa. Yara a gaba, manya a baya, a kalli wasan kwaikwayon da ake kira "Ƙofar Alhaji". Gwanin wasan wani mai gadi ne, Tsalha, dogo mai shirgegen rawani da surutun tsiya.

Wata Juma'a aka nuna wanda ya fi duka. Alhaji zai yi tafiya, ya bar wa Tsalha gadin ragonsa. Tsalha ya ɗaura igiyar ragon a ƙafarsa, ya zauna a kan benci yana hura hanci. Sai ga wani baƙo ya zo ya ce, "Ashe kai ne ka yi kokawa da kura?" Shi ke nan, an sosa wa Tsalha inda ke masa ƙaiƙayi. Ya shiga ba da labari. Ta bayansa wani ya lallaɓo ya kwance ragon, ya ɗaura turmi a igiyar. Tsalha yana labari yana jan igiya yana cewa, "Yana nan! Kai, ragon nan har ya ƙara nauyi!"

Rumfa ta kaure da dariya. Wani tsoho har hularsa ta faɗi. Ana cikin haka batir ya fara rauni, hoton ya tsuke ya koma kamar tafin hannu. Da ƙyar aka ga Alhaji ya dawo, ya ja igiya, turmi ya gangaro gabansa.

Uwaisu ya koma gida yana jan ƙafa irin ta Tsalha. Innarsa ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka."

Washegari Asabar, ranar da ruwa ke zuwa lambunsu. Sau ɗaya a mako ake ba kowa, nasu kuwa daga safe ne zuwa hantsi. In lokacinka ya wuce, mai rabon ruwa ya rufe ƙofar ruwan ya buɗe wa na gaba. Ranar kuma Baba zai je Ɗambatta, don an ce taki ya zo.

Ya kai Uwaisu lambu da kansa, ya miƙa masa fartanya.

"Ka ga fangalin farko?" in ji Baba, yana nuna ɗan filin da aka kewaye da tudun ƙasa. "Ka buɗe bakinsa ruwa ya shiga. Da ya cika, ka toshe da laka, ka buɗe na gaba. Haka har ka kai ƙarshe."

"Na iya, Baba. Ai ina ganin kana yi."

"Gani daban, yi daban. Ruwa ba ya jiran kowa. Kada idonka ya bar shi."

"Ko ƙiftawa ba zan yi ba!"

Baba ya tafi. Uwaisu ya ji kansa ya yi girma, yau shi ne mai lambu. Ruwa ya iso yana sheƙi. Ya buɗe fangalin farko, ya tsaya yana kallon yadda ƙasa ke sha.

Sai ya ji an ƙwala masa kira. "Uwaisu! Yana nan? Ya ƙara nauyi?"

Abokinsa Mika'ilu ne, tare da ƙanwarsa Furera mai tallar ƙosai. Sun tsaya a gindin wata giginya can bakin hanya. Uwaisu ya fashe da dariya.

"Zo ka raba mu," in ji Mika'ilu. "Ni na ce da bakin Tsalha aka sace ragon nan. Ya san komai!"

"Ƙarya ne!" Uwaisu ya faɗa daga inda yake. "Tsalha ba ɓarawo ba ne, wawa ne kawai!"

"To me ya sa ya kashe wa baƙon ido?"

"Yaushe ya kashe ido?"

"Lokacin da hoton ya tsuke mana!"

Wannan magana ba ta daga nesa ba ce. Uwaisu ya dubi fangali, ya ga ko rabi bai kai ba. Ya ce a ransa, yanzu zan dawo. Ya jingine fartanya ya ruga gindin giginya.

"Duk ba ku lura ba," in ji Furera, ta sauke farantinta. "Wanda ya kwance ragon, mai shayin nan ne na cikin wasan. Na gane takalminsa."

"Wane takalmi? Ƙafa kawai aka nuna!"

"To ƙafar ba da takalmi take ba?"

"Mai shayi fa abokin Tsalha ne," in ji Mika'ilu. "Kun ga maganata ta fito!"

"Ba ta fito ba!" in ji Uwaisu. "In da ya sani, zai ce ragon ya ƙara nauyi? Ku tsaya ku gani."

Ya cire rigarsa ya naɗa a ka ta zama rawani. Ya sami wata tsohuwar igiya ya ɗaura a ƙafa, ɗaya gefen ya ɗaura a dutse. Ya zauna a kan tushen giginya, ya kumbura kumatu, ya sauya murya.

"Kurar nan, na ce mata, ke! Kin san da wa kike magana?"

Furera ta riƙe ciki. Mika'ilu ya zama baƙo, yana gyaɗa kai yana cewa, "Sai me ya faru, ranka ya daɗe?" Wasu yara masu kiwon awaki suka matso. Da Uwaisu ya ga 'yan kallo sun ƙaru, sai ya ƙara gishiri. Ya yi kokawa da kura, ya kayar da ita, ya tashi ya sake kayar da ita. Ya yi Alhaji, ya yi turmi, har ragon ma ya yi. Aka koma gardama, aka sake komawa wasa. Rana tana ta hawa, ba wanda ya kula.

"Ni dai ban taɓa ganin sakarai irin Tsalha ba," in ji Uwaisu yana haki. "A ba ka gadin abu ɗaya tak, ka zauna kana surutu!"

Sai Furera ta dubi ƙasa. "Kai, wannan ruwan daga ina?"

Ruwa ne ke malalowa ta kan hanya, har ya jiƙa musu ƙafafu. A samansa ga wasu 'yan koren ganye sirara suna yawo. Dashen albasa ne.

Uwaisu ya zabura da gudu, igiyar da ke ƙafarsa ta fizge shi, ya kife a cikin laka. Ya kwance ta, ya isa lambu. Fangalin farko ya cika ya fashe. Ruwa ya tone dashen ya yi waje da shi. Sauran fangalin kuwa suna nan a bushe ƙamas, ko ɗigo ba su samu ba. Ya ɗauki fartanya zai gyara, sai ya ga ruwan yana janyewa. Mai rabon ruwa ya rufe ƙofa.

Uwaisu ya zauna a kan tudun fangali ya fashe da kuka.

Da azahar Baba ya dawo, ko takin ma bai samu ba. Ya tsaya ya daɗe yana duban lambun. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi duka zafi.

"Ina ka je?"

"Gindin giginya, Baba. Muna maganar Tsalha."

"Wane ne Tsalha?"

"Mai gadin nan na talabijin. Wanda aka ba gadin rago ya tsaya surutu."

Yana faɗa ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

"To," in ji Baba a hankali. "Shi Tsalha wasa yake yi, ragon ma na wasa ne. Wannan kuwa tuwonmu ne, da na innarka, da na ƙannenka."

Suka bi hanya suna tsintar dashen da ruwa ya kwashe, suka mayar da wanda bai karye ba. Daga ranar, kullum aka tashi daga makaranta, Uwaisu sai ya ɗauki gwangwani biyu. Ya ɗebo ruwa daga babbar hanyar ruwa, ya zuba, ya koma. Kafaɗunsa suka yi tsami. Duk da haka ganyen albasa ya fara sunkuyawa, bakinsa ya yi rawaya, da alama ba zai kai wata Asabar ba. Inna ta rage tuwon dare, Uwaisu kuma ya gani.

A aji Malam Sama'ilu ya lura da shi. Bayan an tashi ya kira shi.

"Uwaisu, ina surutun? Kwana biyu ajina ya yi shiru."

Uwaisu ya faɗa masa komai, bai rage ba.

Malam ya ce, "Lambuna yana kusa da naku. Nawa ruwan ranar Juma'a yake zuwa, bayan la'asar. Kullum sai na nemi mai shayar mini da shi, don ina wajen talabijin. In za ka shayar da nawa, abin da ya rage ka juya wa naku. Na san zai isa."

Uwaisu ya yi tsalle. "Na gode, Malam!" Sai kuma ya tsaya cak. "Juma'a bayan la'asar? Malam, ai lokacin ne za a nuna ko an kama ɓarawon."

"Lokacin ne," in ji Malam. "Ba dole na yi maka ba. Ka je ka yi shawara da babanka."

Uwaisu ya tuna ganyen nan mai rawaya. "Zan yi, Malam. Zan gaya wa Baba yanzu."

Ranar Juma'a yara suka yi ta wucewa da gudu zuwa rumfar Malam. Uwaisu yana tsaye a lambu da fartanya. Can sai iska ta kawo masa shewar dariya daga cikin gari. Ƙafarsa ta yi ƙaiƙayi, ransa ya so tafiya ƙwarai. Amma ya kafa ido a kan ruwa. Ya cika fangali, ya toshe, ya buɗe na gaba. Ya gama na Malam tsaf, ya juya ruwa zuwa nasu. Ƙasa ta riƙa sha tana ƙara, shi kuma daɗi ya cika shi.

Yana kan na kusa da ƙarshe sai ga Mika'ilu da Furera a guje, Baba na biye da su a hankali.

"Uwaisu! An kama shi! An kama shi!"

"Wane ne? Ku faɗa mini!"

"Mai shayi ne!" in ji Furera tana rawa. "Ban gaya muku ba? Takalmin!"

"Kuma Tsalha bai san komai ba," in ji Mika'ilu. "Ka ci gardama. Amma tsaya ka ji yadda aka yi. Tsalha ya je shan shayi, ya zauna, ya fara labarin kura. Sai ya ji wani abu yana cin rawaninsa ta baya. Ya juya a hankali, ya juya, sai ya ga..."

"Dakata!" in ji Uwaisu, ya ɗaga hannu.

Ya sunkuya ya toshe bakin fangalin da ya cika. Ya danna lakar da ƙafa. Ya buɗe na ƙarshe, ya ga ruwa ya shiga daidai. Sannan ya ɗago.

"To, ci gaba. Sai ya ga me?"

Baba ya yi dariya, irin wadda ya daɗe bai yi ba. Ya dafa kan ɗansa ya ce, "Yanzu ka zama mai lambu."

Albasa ta farfaɗo. Ba ta kai yadda aka so ba, amma da aka kai ta kasuwar Ɗambatta ta sayo hatsin da ya kai su damina. Uwaisu bai daina son wasan Tsalha ba, kuma har yanzu shi ya fi kowa iya kwaikwayonsa. Sai dai ya koyi abu ɗaya da bai sake mantawa ba. Wasa da hira suna da daɗi, amma in an ba ka amanar aiki, ka gama shi tukuna. Labari zai jira ka, ruwa ba zai jira ba.