Karen Da Ba Ya Cizo

A kan dogon bencin ɗakin gashin ƙashi na asibiti suka fara haɗuwa, inda masu karaya da masu ciwon jijiya ke jiran a kira su. Auta tana riƙe da ƙwallon robar da aka ce ta riƙa matsawa. Tana matsawa kuwa, amma yatsunta biyu na dama ba su san ana yi ba. Tun da karen maƙwabcinsu ya kama mata hannu suka daina jin zafi ko sanyi. Kitson da take sana'a da shi ya tsaya, ita ma ta tsaya tare da shi. Ba ta kuka, ba ta dariya. In an ba ta abinci ta ci, in an manta ba ta tambaya.

Wani dogon saurayi ya zauna a gefenta, hannunsa naɗe da bandeji.

"Sannu da jiki," ya ce. "Me ya same ki?"

"Kare."

"Ikon Allah! Ni ma kare."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Naka ma irin wanda ba ya cizo ne?"

Ba wasa take yi ba. Abin da maƙwabcin ya ce mata ke nan ranar, yana riƙe da igiyar sako-sako: "Wuce abinki, ba ya cizo." Bai rufe baki ba ta ji ta a ƙasa.

Saurayin ya girgiza kai. "Horar da karnuka ne aikina. Duk wanda ya ce miki karensa ba ya cizo, ko dai bai san karen ba, ko bai damu da ke ba."

Wata da watanni ana ce mata ta yi haƙuri, wai ƙila turarenta ne ya harzuƙa shi, ƙila gudu ta yi. Sai yau wani ya faɗi abin da ita ta sani. Ba ta ji wani daɗi ba, don ta manta yadda ake ji. Amma da ya nemi lambarta ta ba shi, ta ajiye tasa da suna Mai Kare.

Saƙonninsa ba sa fashi.

"Abokiyar layi, kin matsa ƙwallo yau, ko kuwa ƙwallon ce ta matsa ki?"

"Na matsa."

"Kalma biyu! Jiya ɗaya kika ba ni. Wallahi arziki yana tafe."

A haka ta san yana da nasa karen a gida, Dattijo, baƙi mai faffaɗan kai, irin waɗanda ake ta musu a rediyo ko a hana kiwonsu ko a bari. Tun yana ɗan kwikwiyo ya raine shi da kwalbar madara. Ba ta taɓa cewa ya nuna mata hoton ba, shi ma bai taɓa turowa ba. Kafin ta ankara ya koma kiranta Sanyin Raina, kuma ba ta hana shi ba.

Baba ne ya hana. "Kare ya nakasa min 'ya, sannan in ɗauke ta in kai ta gidan kare? Ni mahaukaci ne?"

Ga kuma mai kemis ɗin bakin titinsu, wanda ya daɗe yana gaida Baba har ƙasa. Bawan Allah, ko kyanwa ya gani sai ya sauya hanya, kuma a wajen Baba wannan ma cancanta ce. Da ƙyar Mama ta lallaɓa aka yarda Mai Kare ya zo gaisuwa.

Ya zo cikin farar riga mai dogon hannu, ya zauna a ƙasa, gumi yana bin wuyansa. Auta tana bayan labule da tiren ruwa.

"Wannan abin da kake kiwo," in ji Baba, "yana cizo?"

Mutumin da ke tsayawa gaban ƙaton kare ko gezau, sai ga shi ya rikice gaban tsoho mai tabarau. So yake a yarda da shi, kawai.

"A'a Baba," ya ce da sauri. "Ba ya cizo."

Auta ba ta saki tiren ba, ba ta yi ihu ba. Ta juya ta mayar da shi kicin, ta zuba ruwan a cikin kwatami, ta wanke kofunan da babu wanda ya sha da su. Daga nan ta shiga ɗaki ta zauna tana kallon bango. Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"Sanyin Raina, ba ki fito ba. Lafiya?"

"Na yi laifi ne? Ki gaya min."

"Na gane. Na tuna abin da na faɗa. Don Allah ki ɗauki waya."

Ta karanta duka, ba ta amsa ko ɗaya ba. Ba fushi take yi ba, da fushin ne ma da ya fi sauƙi. Mai kemis ya fara zuwa zance, yana ba ta labarin magungunan hawan jini, tana cewa "to". Da Mama ta tambaye ta ko tana son sa, ta ce duk yadda aka yi daidai ne. Wannan amsar ta fi kuka tayar wa Mama hankali.

Wata safiya Mai Kare ya dawo ba tare da an gayyace shi ba. Ya sami Baba a tsakar gida yana gyaran fanka, Auta tana shanya kaya a kan igiya. Ya durƙusa ya naɗe hannun rigarsa.

"Baba, ƙarya na yi maka ranar nan. Yana cizo. Wannan tabon na wurin aiki ne, wannan kuma Dattijo ne da kansa, ranar da yake ciwon kunne na taɓa shi ban kula ba. Amma har yanzu ina ganin laifin na mai kare ne, ba na irin karen ba."

Baba ya ajiye sukudireba. "Na ji. To kai da ka ƙware, ka yi kuskure ko ba ka yi ba?"

"Na yi."

"Yauwa. In mai ƙaramin kare ya yi kuskure, wando ne zai yage. In mai irin naka ya yi, sai ka dubi hannun yarinyar can. Gobe kuma 'ya'yanku ne za su riƙa rarrafe a gidan."

Mai Kare ya miƙe. Ya yi sallama ya fita. Auta ta ci gaba da shanya.

Bayan kwanaki saƙo ya shigo.

"Na kai Dattijo gonar abokin aikina, can bayan gari. Akwai katanga, akwai fili, babu yara. Ba don ki dawo na yi ba. Na nemi amsar da zan ba Baba ne na rasa."

Ta karanta sau biyu. Sannan ta rubuta da hannun hagu:

"Ya ci abinci a can?"

"Ya ƙi ci."

"Kai fa?"

"Ni ma."

Ta kai wa Baba wayar ya karanta. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a gaya wa yaron ya turo manyansa. Mai kemis ya yi fushin sati guda, daga baya ya zo ɗaurin aure da babbar riga.

Ranar da za a kai ta, Baba ya dafa kanta ya ce, "Mutumin da ya dawo ya ƙaryata kansa a gabana ba zai cuce ki ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya." Kowa ya ce amin. Ƙawaye sai zungurinta suke wai amarya ko ɗigon hawaye babu.

Washegari da hantsi ta fito ba ta gan shi a ɗaki ba. Can ta hango shi a bayan gida, tsaye gaban ɗan ɗakin katakon Dattijo da aka share tas. A hannunsa akwai kwanon ƙarfe cike da abinci. Sabon da ya yi ne ya tashe shi ya haɗa wa karen, sai da ya iso wurin ya tuna ba ya nan. Ya tsaya kawai, bai san inda zai ajiye kwanon ba.

Nan ne wani abu ya tsinke mata a ƙirji. Tausayinsa ya kama ta, son sa ya kama ta, da zafi sosai, har ta dafa bango. Kukan da ba ta yi ba a asibiti, ba ta yi ba gaban Baba, shi ne ya zo mata gaba ɗaya.

Ya ajiye kwanon ya taho da gudu. "Sanyin Raina, me ya faru?"

Ta riƙe rigarsa har ta samu numfashi.

"Ranar Asabar ka kai ni gonar," ta ce. "Ka shiga ka gan shi. Ni a mota zan zauna, gilashi a rufe."

"A rufe ruf," ya ce. "Allah ya bar min ke."

"Amin," in ji amarya, tana share hanci da gefen mayafinta.