Kwalbar Yaron Gado Na Huɗu

Sufeto ya isa ɗakin gwaji na asibiti da hantsi, ya tarar da Likita tsaye gaban firij, idonta ya yi ja. Kwalba ɗaya tak aka sace, ba ta fi yatsa ba.

"Maganin mene ne?"

"Sikila. Mun ɗebi jinin yaron da ke kwance a gado na huɗu, muka gyara ƙwayoyin halittarsa, wata takwas muna fama. Gobe za mu mayar masa. Shi kaɗai zai yi wa amfani, kuma idan maganin ya bar wannan sanyin, ya lalace."

Sufeto ya duba makulli, ba a fasa ba.

Maigadi ya rantse ko ƙuda bai shiga ba ranar hutun da kwalbar ta ɓace. Da aka matsa masa, sai ya tuna ya ɗan zaga bayan sallar azahar. Zagawar awa biyu ce.

A jikin firij akwai katin da duk wanda ya buɗe yake rubuta awon sanyi. Sufeto ya bi shi da yatsa. Layin ƙarshe ranar hutu aka cike shi, ƙarfe biyu da rabi, da rubutu mai tsabta. Ɓarawo ya yi sata, amma hannunsa ya ƙi karya doka.

Ya kira mai kula da firij, dattijon da kowa ke ce wa Baba.

"Ina gida ranar, ranka ya daɗe."

Sufeto ya ajiye katin a gabansa. Baba ya dubi rubutun hannunsa.

"Shekara ashirin ban taɓa tsallake layi ba," in ji shi. "'Yata ma sikila ce. Sau uku ina sa sunanta cikin masu neman wannan magani, ba a ɗauke ta ba. Na ce magani ai magani ne."

"Ina kwalbar?"

"Tana firij ɗin gida. Ban ma samu mai yi mata allurar ba."

Likita ta dafa bango, don sanyin firij ɗin gida bai kai na nan ba, maganin ya riga ya lalace. Sufeto ya sha kama mugaye, amma bai taɓa jin nauyin ankwa irin na yau ba. Tausayi ya hana shi fito da ita.

A bakin ƙofa Baba ya waiga.

"Likita, yaron zai iya jiran wata takwas kuma?"

Ta girgiza kai.

Baba ya miƙa wa Sufeto hannuwansa biyu.