Targaɗen Ƙarya a Kan Tudu

"Sau nawa ta zame yau? Faɗa min!"

"Barewa, don Allah rage murya."

"Sau huɗu! A kan idona. Hanya shimfiɗe kamar tabarma, amma ita sai ta zame, kai kuma jiki na rawa ka miƙa mata sanda."

A bayan motar da ke kai masu tattaki gindin tuddai suke tsaye, sauran jama'a suna can suna karkaɗe takalma, kowa ya yi kamar ba ya ji, alhali kunnuwa duk sun miƙe. Ta ci ɗamara da gyalenta, shi kuma Jagora, mai raka masu tattakin, ya dogara da sandarsa yana murmushin nan da ke ƙara tunzura ta.

Bari a koma baya kaɗan, don a san mafarin rigimar. Yarinyar nan a kemis take aiki, kullum tana tsaye bayan kanta. Wata Asabar ƙawarta ta ja ta zuwa tattakin da ake yi a tuddan bayan gari, inda turba ke hawa tana gangarawa tsakanin gonaki da rafuka. Ranar farko ta wuce kowa kamar an koro ta, ta bar turbar ta bi hanyar shanu. Sai ga wani dogon saurayi ya biyo ta yana haki.

"Baiwar Allah, farin fenti ake bi. Kin ga wanda na shafa a jikin duwatsu? Wannan hanyar wajen makiyaya za ta kai ki." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ke mutum ce ko barewa?"

Sunan ya bi ta daga ranar. Kafin wata uku, saƙonsa ke tashinta kowace safiya, ita kuma an daina ganin fushinta a kemis.

To, ga inda matsalar take. Aikin jagora yana da ƙa'ida: wani dattijon abokin aikinsa ne ke jan gaba, shi kuma dole ya zo ƙarshe, tare da wanda ya fi kowa nawa, don kada a bar wani a kwari. Barewa kuwa ƙafarta ba ta san sannu ba. Kullum ita ce ta farko a ƙololuwar tudu, ta zauna kan dutse tana hango masoyinta can ƙasa.

Da can wani tsohon malami mai ciwon gwiwa ne ɗan ƙarshe, babu wanda ya damu. Sai Mai Gilashi ta shigo. Fara, doguwa, baƙin gilashi ya rufe rabin fuska, turarenta yana riga ta isa ko'ina. Mace mai ƙoshin lafiya, amma ko tsohon malamin wuce ta yake yi. Ta tsaya ɗaukar hoton fure, ta tsaya ɗaure igiyar takalmi, ta tsaya tambayar sunan tsuntsu. Kuma duk tsayawar nan, wa ke jiranta? Kun sani.

Da yammar ranar da suka yi faɗan, saƙo ya shigo wayar Barewa:

"Barewata, aikina ne ya sa nake baya, amma idona yana kan wadda ke gaba. Ki ci abinci, na san idan kin yi fushi ba ki ci."

Ta karanta sau shida, ta amsa:

"Ka ajiye idonka inda ka ajiye sandarka."

A gida ma ba sauƙi. Babanta tsohon direba ne, tun da ya ji sana'ar yaron ya kafe.

"Shekara talatin ina tuƙi don in hutar da mutane tafiyar ƙasa," in ji shi. "Shi kuma ya tara masu hankali ya kai su daji, su wahala, su dawo daidai inda suka tashi. Wannan zan ba wa 'yata?"

Gwaggonta, ƙanwar baban, ita ke lallashinsa a hankali, har ya fara cewa zai duba.

Asabar ta zagayo. Barewa ta kwana da shawara a ranta: idan na ƙarshe ake jira, to yau ita ce ta ƙarshe. Ta gwada jan ƙafa. Ina! Duk yadda ta rage sauri, Mai Gilashi ta fi ta iya nawa. Ta waiwaya a gangaren da ke sauka rafi, ta hango su, yana nuna mata wata bishiya, ita tana dariya har da dafe ƙirji.

Nan take Barewa ta zube a ciyawa.

"Wayyo ƙafata!"

Kafin ta rufe baki ya iso. Ya durƙusa, ya buɗe jakar magani, fuskarsa duk ta canza. Zuciyarta ta yi fari ƙal. Ta saci kallon Mai Gilashi da aka bari tsaye ita kaɗai, ta ƙara nishi. Ya dubi idon sawun da kyau, ya ɗago ya dube ta. Sannan ya naɗe shi da bandeji tsaf, sauran jama'a kuwa sun dawo sun kewaye su.

Abin da baiwar Allah ba ta sani ba, ƙa'idar tana da kashi na biyu: wanda ya ji rauni ba ya ci gaba da tafiya. Jagora ya ƙwala wa wani manomi kira, aka kawo jaki. Aka ɗora Barewa, manomin, wani dattijo marar yawan magana, ya kama igiya ya nufi ƙauyen da mota ke jira. Shi kuwa Jagora ya koma wajen jama'arsa, sauran tafiyar awa uku.

Tana kan jaki tana waige. Ga su can suna hawa tudu, ga na ƙarshe su biyu. Hawayen da ta yi a hanyar nan na gaskiya ne, dattijo har yana cewa, "Sannu, 'yata, targaɗe akwai zafi."

Da aka sauke ta a ƙofar gida tana ɗingishi, Baba ya ga bandeji, shi ke nan. Gwaggo ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Barewa ta shige ɗaki ta kwanta, ta rasa ta inda za ta warware abin da ta ƙulla.

Washegari da hantsi Jagora ya yi sallama. Ya zauna a ƙasa gefen kujerar Baba a falo, ledar ayaba da lemo a gabansa. Barewa ta laɓe bayan labule.

"Na ba ka amanar yarinya da ƙafa biyu, ka dawo min da ita a kan jaki," in ji Baba.

"Laifina ne, Baba. A yi haƙuri."

"Haƙuri na yi. Amma maganarku ta ƙare yau. Ɗauki ledarka, kada in sake ganin ka a layin nan."

Barewa ta ƙanƙame labule. Ta jira Jagora ya kare kansa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya fara miƙewa.

Sai labule ya yaye. Ta fito tsakiyar falo, taku ɗai-ɗai, babu ɗingishi ko kaɗan.

"Baba, ƙafata lafiyarta ƙalau."

Gwaggo ta saki baki. "Ke! Jiya ba ni na dafa ruwa na gasa miki ita ba?"

"Ƙarya na yi, Gwaggo." Ta kawar da ido gefe. "Akwai wata ce mai gilashi, kullum ita yake jira a baya. Na ce bari ni ma a jira ni."

Baba ya cire hularsa, ya sosa kai, ya juya wajen Jagora.

"Kai ka sani?"

"Na sani, Baba. Da ta faɗi, ƙafar hagu ta riƙe. Da na zo ɗaurewa, ta miƙo ta dama."

"Amma ka zo nan ka ce laifinka ne?"

"Mutum goma sha biyu ne a tsaye a kanmu jiya. Ban so a yi mata dariya ba. Yau ma ban so ba."

Gwaggo ce ta fara fashewa, har da buga cinya. Baba ya daure, ya daure, gemunsa ya fara rawa, shi ma ya saki. Sai da ya share ido sannan ya ce, "Sana'arka dai har yanzu ban gane kanta ba. Amma wannan rigimammiyar, ban ga wanda zai iya da ita ba sai kai. Ka gaya wa manyanka ina jiran su ranar Lahadi mai zuwa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a masu hankalin ubansu."

"Amin, Baba," in ji Jagora, murya ƙasa-ƙasa.

Barewa ta rufe fuska da gyale, kunya da daɗi sun haɗe mata. Amma hali ba ya ɓuya. Ta ɗan buɗe ido ɗaya.

"To ita mai gilashin fa?"

"Amaryata, ta riga ta sa sunanta a tafiyar Asabar mai zuwa. Har da ta bayanta."

"Ka ji ko, Baba? Ka ji ko?"

Ta juya fuu, bakin bandejin da ya kwance yana jan ƙasa a bayanta, ta shige ɗaki ta banko ƙofa har agogon bango ya karkace.

"A fara shiri," in ji Baba, yana ɓare ayaba.