Ranar da Aka Goge Azurfar Baba

"Wa ya taɓa min su?"

Baba bai ɗaga murya ba, amma sai da 'yarsa Auta ta tsaya cak. Ranar aka cire masa bandeji bayan aikin yanar ido, kuma daga shigowarsu gida, ko zama bai yi ba ya ce a miƙo masa akwatinsa.

Ƙaramin akwatin katako ne mai aljihu biyar, kowanne an shimfiɗa masa koren ƙyalle. Shekara talatin Baba ya yi yana aiki a gidan waya, kuma duk tsawon lokacin abin da yake tarawa ke nan: ƙananan tsofaffin kuɗin azurfa, wasu ba su fi farcen yatsa ba. Babu ruwansa da manyan da kowa ya sani. Masu baƙuwar lamba yake bi, irin taro mai kwabo uku, da ahu mai kwabo ɗaya da rabi, da na wasu ƙasashen da har sun canza suna. Tun Auta tana ƙarama take ganinsu a dishe, wasu baƙi, wasu ruwan toka.

Yau kuwa ƙyalli suke kamar yanzu aka ƙera su.

Mai Tabarau yana bakin ƙofa da ledar magani a hannu. Shi ne saurayin da ke neman Auta. Shagon gwajin ido gare shi a titin asibiti, kuma shi ya yi ta zirga-zirga da Baba har aka yi aikin. Ya matso ya durƙusa.

"Ni ne, Baba. Na so idan idonka ya buɗe ka gan su fes..."

"Da me ka goge?"

"Man goge ƙarfe, da ɗan buroshi."

Baba ya jawo aljihun ƙasa, ya ɗauko wani taro, ya kai shi saitin taga. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya daɗe a haka kafin ya mayar ya rufe. Sai ya ce wa saurayin ya gode da ɗawainiyar asibiti, Allah ya saka da alheri, amma daga yau ya ɗauke ƙafa daga gidan, maganar aure kuma a ajiye ta.

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, Mai Tabarau ya girgiza mata kai kaɗan. Ya ajiye ledar a kan tebur ya fita.

Abin da Baba bai sani ba, shawarar daga bakin Auta ta fito. Ita ta ɗauki mukulli a aljihun tsohuwar rigarsa ta aiki, ita ta kai akwatin shago a cikin jakarta. Sau biyu Mai Tabarau yana tambayarta ko ta tabbata tsohon zai so, ta ce masa ita ta san ubanta. Yana gogewa tana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, suna dariya.

Washegari Yaya, babbar yayarta, ta zo daga gidanta duba Baba. Da ta ji labari sai ta ja Auta kicin ta tura ƙofa. Ta ce ita ma ta sha jin Baba yana cewa a wurin masu tara irin wannan kaya, dishewar nan ita ce shaidar tsufa, wanda ya goge ya kashe darajar abin. Amma ba wannan ne ya tsaya masa a rai ba.

"Kin san taron nan na aljihun ƙasa? Akwai shatin babban yatsan Umma a kansa."

Auta ta zuba mata ido.

Yaya ta ce lokacin Auta tana goye ne. Umma ta fito daga kicin hannunta da maiƙo, ta ɗauki taron tana tsokanar Baba wai a ba ta ta sayo gishiri. Ya yi ta faɗa, kwana biyu ba ya kula ta. Da shekaru suka tafi azurfar ta dishe, sai shatin yatsan ya fito sarai, layi-layi. Bayan rasuwar Umma kullum da safe sai ya ɗauko shi ya duba. Da ido ya fara gagararsa ma, abin da ya sa ya yarda da aikin ke nan, bayan ya shekara biyu yana ƙi.

Auta ta zauna a kan buhun shinkafa. Shekararta huɗu Umma ta rasu, ko muryarta ba ta iya tunawa. Ashe akwai shatin yatsan uwarta a gidan duk shekarun nan, kuma da hannunta ta miƙa aka goge.

Da yamma ta kira Mai Tabarau tana kuka, ta ce za ta je ta faɗa wa Baba gaskiya.

"Kar ki faɗa, Autata. Ni in ya ƙi ni, baƙo ya ƙi. Ke kuwa ke kike ɗiga masa magani sau huɗu a rana."

"To mu fa?"

"Ina nan. Shagon ba tashi zai yi ba, ni ma haka."

Ta bi maganarsa, har da ɗan jin sauƙi a ranta, abin da ya ƙara ba ta kunya. Sati uku tana ɗiga wa Baba magani, tana kai masa abinci, yana sa mata albarka. Akwatin kuwa ya sa an ɗora masa a saman kabad, bai ƙara tambayarsa ba. Da safe sai ya zauna a gaban taga hannu biyu a kan gwiwa, ba ya yin komai. Duk albarkar da ya sa mata sai ta ji kamar ta sata ce.

Ranar wata Laraba, tana riƙe da kwalbar maganin, kansa a ɗage, ta faɗa masa gaskiya. Ta faɗi mukullin, ta faɗi jakar, ta faɗi tambayar da aka yi mata sau biyu. Baba bai motsa ba.

"Saura ɗayan idon," ya ce.

Ta ɗiga. Daga nan kwana huɗu bai ce mata komai ba ban da amsa gaisuwa.

A kwana na biyar ya fito da hularsa da sandarsa, ya ce likita ya ce lokacin sabon tabarau ya yi, ta raka shi. Ta ambaci wani shago da ke kusa da kasuwa. Ya ce shi bai san wannan ba, inda ya saba za shi.

Mai Tabarau yana ganinsu ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. Baba ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya hau kujerar gwaji da kansa. Aka ɗora masa firam ɗin nan mai nauyi, aka shiga sauya gilasai, Auta tana tsaye jikin bango.

"Wannan ya fi, Baba, ko wannan?"

"Na farkon. Me ya sa ba ka ce ita ta kawo maka ba?"

Saurayin ya tsaya da gilashi a hannu.

"Hannuna ne ya goge, Baba."

"Da na mutu ban sani ba fa?"

"Da shi ke nan."

Baba ya mai da ido kan allon haruffa. Ya karanta layi na huɗu daidai, ya karanta na biyar, na ƙasa ya ce wannan kam ko Auta ba ta gani, kada a raina masa hankali. Sannan ya ce abin da ya tafi ya tafi, har yanzu in ya tuna ransa ɓaci yake, kuma ba zai yi musu ƙaryar cewa ya huce ba. Amma ya taɓa yin kwana biyu yana fushi da mace a kan taron nan, ya shekara ashirin yana neman kwana biyun bai samu ba. Ba zai ƙara ba.

"Ka ce wa manyanka ina gida ranar Asabar."

Auta ta juya fuskarta ga bango, tana share hawaye. Mai Tabarau ya durƙusa a gaban kujerar yana godiya.

"Tashi ka cire min wannan abin," in ji Baba. "Ya danne min hanci."

A hanyar gida Auta ta kai hannu za ta riƙe shi a bakin titi kamar yadda ta saba. Ya ce yanzu yana gani, ba ya bukata. Suka tsallaka kowa da kansa. Sai da suka kai ɗaya gefen ya miƙo hannu ya kama nata, bai sake shi ba har ƙofar gida.